Jan Murfin Inna Mai Soda

Ƙarfe bakwai ba ta cika ba Inna Mai Soda ta riga ta buɗe shago. Ba ta farawa da shara kamar sauran 'yan layin. Jarkoki take fara jerawa a bakin ƙofa, baƙaƙe, kowace da murfin da ta shafa wa jan fenti da hannunta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana murɗawa, ta ji ko akwai mai yoyo. Sannan ta sa safar roba, ta goge sikeli, ta leƙa bayan buhuna ko ruwa ya taɓa wani. Ban taɓa ganinta a zaune ba. Akwai kujera a shagon, amma buhun gishiri ne ke zaune a kai.

Kayan haɗa sabulun ruwa take sayarwa: soda, kala, turare, sinadarin kumfa, bilic. Shekara ashirin da shida tana wannan aiki. Ƙarshen watan nan za ta rufe, don idonta ya daina ganin lambar sikeli. Tun da na ji labarin na kasa zama wuri ɗaya. Na ɗauki biro na ajiye ya fi sau goma, in shiga kicin in fito ba tare da na san abin da ya kai ni ba. To yau dai sai na rubuta, ko na samu in huta.

Ga wanda bai san sana'armu ba, sodar da muke sabulu da ita a bushe kamar gishiri take. In an jiƙa ta kuwa, ruwa ce garau, ba kala ba wari. Ɗigo ɗaya ya zauna a fata sai ya ci wurin. A maƙogwaro kuwa, Allah dai ya kiyaye. Shi ya sa ba a sayen kaya a wurin Inna a tafi salin-alin. Sai ta tsare ka: a cikin ruwa ake zuba soda, ba a kwara mata ruwa a kai, ban da tukunyar alminiyam, ban da haɗa bilic da ruwan wanke masai. Ko ka ji sau ɗari sai ka sake ji. Telan da ke maƙwabtaka da ita ya ba ni labarin wani mutum da soda ta fantsamar wa a ido. Inna ta damƙe ƙeyarsa ta danna a ƙarƙashin famfo, yana zaginta tana riƙe da shi, har kusan rabin awa, sannan ta sa aka kai shi asibiti. Yau da idonsa biyu yake tuƙa mota.

Abu biyu muke ƙorafi a kanta, mu masu sabulu. Na ɗaya, kullum sha biyu na yi za ta garƙame shago sai ƙarfe ɗaya, ko da layi ya kai titi, ba kuma ta faɗa wa kowa inda take zuwa. Na biyu, ba ta zuba jiƙaƙƙiyar soda a gorar ruwan sha ko kwalbar lemo. Sai a jarkarta mai jan murfi. A kan wannan na biyun muka yi faɗa, shekara tara da suka wuce.

Ran nan na fito a gaggauce na manta jarkata. Gorar ruwa ce a jakata, na shanye sauran na miƙa mata.

"Inna, zuba min jiƙaƙƙiya a nan, sauri nake."

"A wannan? A'a, 'yata. Ba na zubawa a abin sha."

"Yau ɗaya dai, Inna. Ina isa gida zan juye."

"Kowa haka yake cewa. Jarkokina duk suna waje yau. Ki koma ki ɗauko taki, ko ki ɗauki busasshiya ki jiƙa da kanki."

Ni kuwa zuciya ce da ni kamar fetur. Na ce, "Haba Inna, sai ka ce wata yarinya? Shekarata uku ina sabulu!" Na tsallaka titi zuwa wani shago, mai shagon ya cika min gorar ko kallona bai yi ba, ya murɗe murfin tamau. Da zan wuce har ɗaga gorar na yi don Inna ta gani. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Na isa gida na dire ta a bayan ƙofar kicin. Waya ta shigo, na fita shanya, maƙwabciya ta tsayar da ni da surutu. Na manta da ita sam. Wajen sha biyu da rabi sai aka hau buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Inna ce, gumi sharkaf, da jarka mai jan murfi da aka dawo mata da ita a hannu. Layinmu kawai ta sani, gida-gida ta bi tana tambayar gidan mai sabulun ruwa. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Ina gorar?"

Na kai ta bayan ƙofa ina ta cika ina batsewa. Babu gora. Ƙanwata da ta zo min hutu ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ruwan da na gani a ƙasa? Ai na sa a firij, Yaya."

Muka buɗe firij. Gora biyar, kamfani ɗaya, girma ɗaya, duk sun yi raɓa. Na kai hannu zan buɗe ɗaya in sa harshe, Inna ta make min hannun.

"Kina da kurkum?"

Ta jera ƙananan faranti biyar, ta barbaɗa kurkum a kowanne. Ta ce ruwa ba ya canza masa kala, amma soda na taɓa shi zai koma ja. Ta ɗiga ta farko, rawaya. Ta biyu, rawaya. Ta uku, ta huɗu, ta biyar, duk rawaya. Na sauke ajiyar zuciya, wai ni an tsira. Inna kuwa ta juya wajen ƙanwata.

"Guda nawa ne ɗazu?"

Ƙanwata ta ɗora hannu a ka. Shida ne. Autata, 'yar shekara shida, ta tafi darasin hutu da sha biyu, ita ta ɗauko gora ɗaya ta saka mata a jaka.

Ban san lokacin da na fita ba, ba takalmi, ɗankwali a hannu. Layi biyu ne tsakaninmu da gidan malamar, amma ran nan hanyar ta ƙi ƙarewa. Inna ta haura hamsin a lokacin, wallahi sai bayanta nake gani, jarka a hannu ɗaya, kurkum a dunƙule a ɗayan. Ina gudu ina kiran sunan Allah, ina lissafin minti nawa yarinya za ta yi a wannan zafin ba ta nemi ruwa ba.

Muka faɗa ɗakin karatun ba sallama. Ga Auta a benci na biyu, gora a matse tsakanin gwiwoyinta, ta naɗe murfin da bakin rigarta tana kokawa da shi. Tana ganina ta washe baki.

"Mama, buɗe min. Ta ƙi buɗuwa, ƙishi nake ji."

Inna ta karɓe gorar a hankali, kamar ba komai. Ta duba leɓen yarinyar da harshenta da tafin hannunta, ta roƙi malama ruwa ta wanke mata, ta ba ta ta sha. Sannan ta fita kan dakali, ta zuba kurkum, ta ɗiga. Nan take ya koma ja wur. Na zube a wurin ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa.

Na so ta zage ni. Da ta mare ni ma da na ji sanyi. Ta juye sodar a jarkarta, ta ɗauraye gorar, ta sa reza ta tsarge ta gida biyu don kada wani ya tsinta. Sai ta hangi agogon bangon malama, fuskarta ta canza.

"Ɗaya ta wuce. Ɗana bai ci abinci ba."

Na miƙa Auta gida wajen ƙanwata na bi Inna, don na kasa rabuwa da ita. Ɗaki biyu ne gidan. A na ciki wani saurayi siriri yana zaune yana gyaran rediyo, zai yi ashirin da 'yan kai. Ya yi murmushi ya ce, "Inna, yau kin makara." Ta markaɗa abinci, ta tace a rariya sau biyu har ya koma ruwa-ruwa. Yana sha da ƙaramin cokali, kowace haɗiya sai ya tsaya ya huta. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Shekararsa uku a lokacin. Ni na zuba a kwalbar lemo, ni na tura ƙarƙashin gado." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Nan ne take zuwa kullum sha biyu, mu kuwa muna bakin shago muna tsaki. Kafin in rubuta wannan na nemi izininsu su biyun. Shi ne ma ya fara cewa, "Rubuta, Anti, kada ki rage komai."

Inna, ke ce kika bar ɗanki da yunwa kika bi 'yar matar da ta yi miki rashin kunya a bainar jama'a. Ke ce kika yarda masu saye su tsallaka titi, da dai ki zuba soda a abin sha. Uwar masu sabulu, mai jan murfi. Ba a taɓa kiranki taro an ba ki takardar yabo ba, yaran da kika tsare ma ba su san ki ba, don ba abin da ya same su. Autata yanzu shekararta sha biyar. Har gobe in ta ɗaga kofi sai na tsinci kaina ina kallon wuyanta, ina ganin ruwan yana wucewa lafiya. Ban san da bakin da zan gode miki ba. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ɗanki sauƙi, ya huta gajiyarki.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne ranar ɗaya ga wata. Mata za su zo da gorarsu su tarar da ƙofa a rufe, su tsallaka titi kamar yadda na yi. Jiya na je na faɗa mata haka. Ta shiga ciki ta fito da gwangwanin jan fenti da burushinta, ta danƙa min, ta ce, "To ki daina zirga-zirga, ki fara da naki." Na fara. Jarka goma sha ɗaya na shanya a tsakar gida yanzu haka.

Ku kuma masu sayarwa, ku koyi cewa a'a, ko mai saye zai yi fushi. Mu masu ajiya a gida, soda ce, bilic ne, kananzir ne, maganin ƙwari ne, kada a jira sai an gama karatun nan a ce gobe. A tashi yanzu a duba bayan ƙofa, a duba ƙarƙashin gado, a buɗe firij a ƙirga. Tawa 'yar, murfi ne ya yi mata tauri, Inna kuma ta iso a kan lokaci. Daga ƙarshen watan nan, ba wadda za ta biyo ki gida.