Taken Baba a Cikin Hedifon

Da aka sallamo Baba daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya riga ya shanye, baki ma ya tafi. Ido ne kawai a buɗe, shi ma rufin ɗaki yake kallo. Likitar da ta sallame mu, wata Bayarabiya mai saurin magana, ta ce ba za ta iya rantsuwa cewa yana ji ko ba ya ji ba. Ta ce mu riƙa yi masa hira, mu sa masa abin da yake son saurare, wataƙila wani abu ya taɓa shi. Mama ta yi ta godiya har da durƙusawa. Ni ledar magani na karɓa na yi gaba.

Gaskiya zan faɗa, a watannin nan ban ji komai a raina ba. Ba baƙin ciki, ba tsoro. Da safe in juya shi, in goge masa jiki, in canza masa zani, Mama ta ba shi kunu a cokali, ni kuma in hau danfo, bas ɗin hayar Legas, zuwa Iyana Ipaja, inda nake kula da sito a wani kantin kifin ƙanƙara. In dawo in sake juya shi. Masu dubiya su zo su cika ɗaki suna share hawaye, ni ina tsaye ina tunanin ko sabulu ya kusa ƙarewa. Abu ɗaya ne kawai ya tsaya mini a wuya: mutumin nan yana ciki, ko kuwa jiki kawai muke wankewa? Shi nake so in sani.

Baba mahauci ne. Tun kafin a haife ni yake fawa a kwatar Agege. Dogo ne, ga murya, in ya yi gyaran murya a bakin lungu, yaran gidan haya kowa sai ya kama kansa, har ’ya’yan da ba nasa ba. Kuma kamar duk mahaucin da ya amsa sunansa, yana da takensa a kalangu, wato kiɗan da makaɗi ke yi masa shi kaɗai, duk wanda ya ji ya san da wa ake. Ni kuwa haifaffen Agege ne, Yarabancina ya fi Hausata gudu, kalangu a wurina hayaniyar biki ce kawai. Abin da na sani shi ne hedifon.

Ina da wani babba mai rufe kunne ruf, na hannu, irin wanda a nan muke cewa tokumbo. Shi ke raba ni da ihun kwandasta. To wayoyin yanzu an toshe musu ramin soka hedifon, dole sai ka nemi wani ɗan abu da ake kira DAC, ka soka a gindin waya, sannan ka jona hedifon a jikinsa. Aikinsa shi ne ya mayar da abin da ke cikin waya ya zama sautin da kunne zai ji. Nawa mai arha ne, ’yar igiya ce da ba ta kai tsawon yatsa ba. A kan gadar masu tafiya a ƙafa na saya, wurin mai tallan caja da ashana.

Ƙanwata ce ta tono taken Baba. Yana cikin bidiyon bikin yayarmu, inda makaɗi ya juyo kansa ya yi ta zuba masa. Ta ciro sautin ta turo mini. Da na kunna a lasifikar waya, kai ka ce yaro ne ke ƙwanƙwasa gwangwanin madara. Sai na sa wa Baba hedifon ɗina, na ƙure ƙara. Na tsaya ina kallon fuskarsa har kiɗan ya ƙare. Ko ƙifta ido bai yi daban da yadda ya saba ba.

Washegari na sake. Jibi ma haka. Ya zama cikin aikin gida, kamar ba shi magani: in dawo, in juya shi, in sa masa hedifon, in kunna take, in tsaya. Mama ta ce, “Yana ji, ni na san mijina.” Na ce mata, “Mama, da me kika sani?” Ta ɗauki kwanon kunu ta fita. Ban kyauta ba, amma ko a jikina a lokacin.

Daga nan na ɗora laifin a kan DAC. Na sa hedifon ɗin a kunnena na saurara da kyau, na ji kiɗan can nesa, siriri, ba ƙasa, wato ba kaurin sauti, alhali kalangu in ana kaɗa shi a gabanka har a ƙirji kake jin sa. Na ce to, ga matsalar. Ya fi mini sauƙi in ce ’yar igiya ce ba ta da kyau da in ce Baba ne babu. Lokacin cin abincin rana, ina zaune a kan kwalin kifi, sai in yi ta karanta gardamar mutane a intanet. Wannan ya ce canza DAC ya canza masa rayuwa, wancan ya ce ƙarya ce, duk ɗaya ne, kunne ba ya bambancewa. Manya-manyan mutane da gemu, suna zagin iyayen juna a kan abin da bai kai yatsa ba! Ni ma ina nan ina karantawa har burodina ya bushe.

Wata Asabar na tafi kasuwar wayoyi ta Ikeja. Mai shagon da aka kwatanta mini ya gan ni da hula, ya ce, “Aboki, me kake nema?” Na tsani wannan kiran. Na amsa masa da Yarabancin da ya fi nasa tsabta, nan take na koma oga. Ya fito da wani DAC kamar akwatin ashana, na ƙarfe, mai ɗan nauyi, da maɓallin ƙara a gefe.

Na tambaye shi kai tsaye, “Zai fi nawa?”

Ya karɓi hedifon ɗina ya jujjuya. Ya ce, “In da ɗan ƙaramin nan ne na sokawa a kunne, sai in ce ka je gida, ba za ka ji bambanci ba. Amma wannan babba ne, yana son ƙarfi. Wancan naka ba ya iya tura shi.”

Na ce, “Ba ƙarfi na tambaye ka ba. Zai fi kyau?”

Ya ce, “Oga, zai fi ƙara. Sauran kuma tsakaninka da kunnenka.”

Na saya.

Da na dawo gida sai na ce bari in gwada kaina tukuna. Na zauna a lungu na rufe ido, na ce wa ƙanwata ta riƙa sauya su ba tare da ta gaya mini ba, ta daidaita ƙarar yadda za su zo ɗaya. Sai ta kunna in ce, “Wannan sabon ne.” Ta ce tsohon ne. Ta sake, in ce, “To wannan tsohon.” Ta ce shi ne dai, ba ta ma canza ba. Tun tana ƙunshe dariya har ta fashe. Ta ce, “Yaya, da nama ka sayo mana.” Na fizge wayata na ce ta ɓace mini da gani. Amma da na zauna ni kaɗai na ɗaga ƙarar sabon, ya wuce inda tsohon ke tsayawa, sai ƙasan kalangun ya fito. Na ji yadda makaɗin ke matse igiyoyin a hammata, sautin ya hau ya sauko. Na ji kamar yana tsaye a bayana. Mai shago bai yi ƙarya ba.

Ban sa wa Baba ba sai ranar Juma’a, bayan an sauko daga masallaci. Mama tana lungu tana suyar albasa. An ɗauke wuta, janaretan maƙwabta na ta ruri. Na juya shi ya kwanta rigingine, na sa masa hedifon, na kunna, na ɗaga maɓallin a hankali.

Idonsa ya bar rufin ɗaki.

Sai hannun hagunsa, mai lafiyar, ya lalubi bakin gado ya damƙe. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya fara tura kansa sama, yana wani irin nishi, kafaɗar daman nan da ta mutu tana rawa kamar tana so ta ɗaga hannu. Ni kuma, maimakon in riƙe shi, sai na juya bakin ƙofa ina ihu, “Mama! Mama, zo ki gani, yana ji!” A bayana na ji faɗuwar. Ya zamo daga gado da fuska, leɓensa ya fashe a siminti, hedifon ya karkace amma bai fita ba, kiɗan na ci gaba da tafiya. Zaninsa ya jiƙe, fitsari na bin ƙasa zuwa ƙarƙashin gado.

A haka Kawu ya same mu. Ba ƙanin Baba ba ne na jini, abokin fawarsa ne, tare suka zo Legas, kuma duk Juma’a sai ya biyo dubiya. Ya naɗe hannun riga, muka ɗaga Baba ni da shi. Mama ta goge jini. Na canza zani. Duk wannan abin Baba ya runtse ido gam, ya ƙi buɗewa.

Da muka fito lungu Kawu ya ce, “Me ka sa masa?”

Na miƙa masa hedifon. Ya kara a kunne ɗaya na kunna. Wallahi shi ma da yake jingine da bango, sai da na ga ya gyara tsayuwa. Ya cire a hankali ya riƙe a hannu.

Ya ce, “Kai ɗan nan, wa ya gaya maka ana kaɗa wa mutum takensa yana kwance?”

Na ce likita ce ta ce a sa masa abin da yake so.

Ya ce, “Take ba waƙa ba ce da za ka ji daɗi ka yi barci. Kira ne. In an kaɗa maka, tashi za ka yi, ko nama kake yanka sai ka ajiye wuƙa, ka ɗaga hannun dama ka yi jinjina, ka yi wa makaɗi kyauta. Wanda aka kaɗa wa ya zauna, to ya gama yawo, kowa ya gani. Ubanka bai taɓa zama ba.” Ya dube ni. “Yau ka fara?”

Na ce a’a, tun da aka sallamo mu.

“Kullum?”

“Kullum.” Sai na ƙara da cewa amma da can ba ya ji, wancan DAC ɗin ba shi da ƙarfi, yau ne na sa sabo. Har na fara yi masa bayanin hedifon mai son ƙarfi.

Kawu ya katse ni. Ya ce shi bai san wannan ba. Ya ce, “In makaɗi yana wata unguwa, kana iya cewa ba ka ji ba, ba wanda zai kama ka. Kai yau ka kawo masa shi bakin gado.”

Na tsaya ina jira in ji wani abu, kunya ko nadama. Abin da na ji kawai shi ne ƙaurin albasar Mama da ta ƙone. Na je na sauke kaskon.

Har yau ban sani ba ko a watannin baya Baba yana jin kiɗan ya daure, ko kuwa da gaske sai ranar ya isa gare shi. Ba zai iya gaya mini ba. Abokan aikina sun ga ɗan akwatin ƙarfen nan maƙale da wayata, sukan tambaye ni ko su ma su canza nasu. Nakan ce ya danganta da hedifon ɗinka, in ƙarami ne bar kuɗinka, in babba ne zai ƙara maka ƙara. Iyakar abin da nake faɗa ke nan. Ni ina amfani da shi a danfo, yana aiki lafiya lau. Taken kuma yana nan a wayar, ban goge ba, ban kuma sake kunnawa ba.

Abin da nake so in sani dai na sani. Washegarin ranar na shiga juya shi da safe, waya a hannuna don ina duba lokaci. Yana ganin ta ya juyar da fuska bango, da ƙyar, a hankali, har ya kai. Mutumin yana ciki, yana ji, yana kuma tunawa. Yanzu a kan taga nake barin wayar kafin in shiga, in ɗaga labule in yi sallama. Duk da haka, hannuna yake fara kallo kafin ya kalli fuskata.