Inna Ta Daina Shan Ruwa a Gidana

A shekarar da aka yi kullen korona ni malamar firamare ce a cikin garin Daura, mace mai baki da rawar kai, mai son ta yi abu a gani a yaba. Daga ni sai maigidana a wani ɗan gidan haya mai ɗaki biyu da zaure, shi kuma tela ne, mutum mai sanyin hali wanda sai ya yini bai ce uffan ba. Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, don haka tun tasowata akwai kunya tsakaninmu: ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido da ido, kuma ba ta taɓa kwana a gidan aurena ba. Inna mutuniyar Sandamu ce, mace mai ƙarfi wadda hannunta ba ya rabuwa da taɓarya. Ciwon ido ne ya kawo ta Daura, na matsa mata ta kwana don a sake duba ta washegari. Kafin ta koma aka rufe gari, babu shiga babu fita, ko babur ba ya wucewa.

Gaskiya ni murna na yi. Na ce a raina yau ga ranar da zan hutar da tsohuwar nan, ta san ta haifi 'ya. Na gyara mata ɗaya ɗakin, na shimfiɗa mata katifa, na ce ko tsinke ban yarda ta ɗaga ba. Idan ta miƙa hannu za ta ɗauki tsintsiya sai in fizge. Ga kuma tsoron cutar, don kullum rediyo cewa take yi tsofaffi ta fi kayarwa. Na zama dogariyar gida: wanke hannu, takunkumi, shayin citta da lemon tsami safe da yamma, kuma ko maƙwabta na hana su leƙowa. Duk hankalina yana kan ƙofar gida, ina tsaron abin da zai shigo daga waje.

Shagon maigidana ma an rufe shi, ga azumi ya kama, ga ɗinkunan Sallah na mutane jibge a hannunsa. Sai ya kwaso keken ɗinkinsa ya kawo gida. Zaure ya cika da buhunan gero da babur ɗinsa, kuma zafin bazara ba ya barin mutum ya zauna a ciki, don haka ya kafa keken a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, inda iska ke ɗan kaɗawa. Rumfar nan kuwa dab take da ƙofar bayi, duk mai shiga sai ya gifta ta gabansa da buta a hannu. Daga sallar Asuba yana nan har a yi barci. Ni ban ga komai a ciki ba, mijina ne. Na manta shaf cewa ga Inna suruki ne, wanda ko gaisuwa daga bayan labule suke yi.

A hankali Inna ta daina fitowa. Alwala a ɗaki take yi, cikin roba, ni nake zubarwa, kuma na lura alwala ɗaya take riƙewa tun Asuba har Magariba. Wallahi har yabonta na yi a waya ga ƙanwata, na ce tsofaffin da akwai ibada. Da an sha ruwa sai ta kurɓi kunu kaɗan ta ture kofin, da sahur ma ruwan da ƙyar take jiƙa maƙoshi. Idan na yi magana sai ta ce ta ƙoshi, mai zaune ba ya jin ƙishirwa. Ƙafafunta suka fara cika, ni kuwa da wautata na ce hutu ne ya karɓe ta, har ina tsokanarta cewa mutanen Sandamu ba za su gane ta ba. Murmushi kawai ta yi ta sunkuyar da kai.

Wata rana bayan La'asar na shiga ɗakin na same ta zaune a kan darduma, ta sallame amma ta kasa tashi. Jikinta zafi zau, leɓenta ya tsattsage, tana dafe da mara, kuma tana yi mini maganar awakinta kamar a gida take. Abin da ya fara zuwa raina shi ne korona ce, za a zo da mota a ɗauke ta a killace, ta mutu a hannun baƙi ba tare da na ganta ba. Saboda wannan tsoron na so in rufa maganar, in ba ta maganin zazzaɓi mu ga abin da gobe za ta yi. Maigidana ne ya ƙi. Ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba sai ranar, ya ce in ba zan kira maƙwabciyarmu ba shi zai kira ta.

Maƙwabciyar tamu ma'aikaciyar jinya ce, dattijuwa, wadda na yi makonni ina hana ta shigowa saboda a asibiti take aiki. Ta katanga na kira ta, kuma ba ta yi mini gori ba. Ta duba Inna, ta danna ƙafarta, ta ja fatar hannunta, sannan ta tambaye ni sau nawa take fitsari a yini. Ni da na san yawan wanke hannun kowa a gidan, ban san wannan ba. Sai ta ce in ba su wuri. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji Inna tana magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya za a yi in ɗauki buta in wuce ta gaban mijin 'yata? Gara in bar ruwan."

Nan na zauna a ƙasa na yi kuka. Ashe duk tsawon lokacin nan sai gida ya yi tsit take lallaɓawa ta zaga, sauran yinin kuwa matsewa take yi, kuma ta rage ci da sha don kada buƙatar ta taso. Ni ba za ta iya gaya mini ba, shi kuma ba za ta iya ce masa ya matsa ba. Maƙwabciyar ta ce ruwan jikinta ya ƙare, mafitsara ta kamu da ciwo, zaman wuri ɗaya kuma ya kumbura ƙafafun, kuma da an ƙara jinkiri da abin ya taɓa ƙoda. Ita ta raka mu asibiti, masu tsaron hanya suka bar mu muka wuce saboda katin aikinta. Aka yi wa Inna ƙarin ruwa, aka ba ta magani, aka ce ta ajiye azumi ta rama daga baya. Ba korona ba ce.

Da na gaya wa maigidana dalilin, kunya ta kusa kashe shi. Kafin mu dawo ya fitar da buhunan nan, ya mayar da kekensa zaure, ya ɗinka wani dogon labule daga ragowar yadi ya raba tsakar gidan biyu. A cikin zafin nan ya ƙarasa ɗinkin Sallah, gumi na zuba, bai taɓa ƙorafi ba. Ni kuma na mayar wa Inna tsintsiyarta. Na bar ta tana shara, tana tsince gero, tana zagaya tsakar gida da safe, har turmi na aro mata, kuma na ajiye tulu a ɗakinta ina lura da yadda yake raguwa. Ƙafafun suka saɓe, bakinta ya dawo. Ranar da ta ce miyata ba ta da daddawa na san ta warke.

Abin da na koya shi ne, tsare mutum daga cutar waje ba shi kaɗai ne kula da lafiyarsa ba. Jiki yana son motsi, yana son ruwa, yana son ya sauke abin da ya ɗauka, kuma tsoho da ya saba aiki idan ka zaunar da shi ba gata ka yi masa ba. Ina roƙon duk wanda larura ta tsare shi gida ɗaya da iyaye ko surukai, kada ya tsaya kan tambayar ko lafiya, don lafiya lau za su ce. Ku dubi inda kowa yake zama, ku dubi hanyar da za su bi, ku tambayi kanku abin da kunya za ta hana su faɗa.

Da Inna ta tafi a lokacin, annoba za mu ɗora wa, mu karɓi gaisuwa mu watse, babu wanda zai san ƙishirwa ce a gidan da randa take cike. Allah bai nufa ba. Tana nan Sandamu da ranta da ƙafafunta, kuma duk sanda na kira waya aka ce mini ta fita, sai in ce alhamdu lillahi.