Tayoyi Huɗu a Lungun Shago

Yayana mai faci ne. Shekara talatin da ɗoriya yana bakin titi ɗaya, da injin iskarsa da bahon ruwan neman huji. Direbobi suna kiransa Tsantseni, kuma wallahi sunan ya bi shi. In taya ta ɗan kumbura a gefe ba zai taɓa ta ba, ko za ka yi masa kuka. Ni da nake ƙaninsa sau biyu yana korata da tawa tayar, har muka yi wata ba ma gaisawa.

A lungun shagonsa akwai tayoyi huɗu sabbi fil, lulluɓe da buhu. Ya saye su shekarar da 'yarsa ta fari ta shiga sakandare. Duk mako sai ya goge su. In an taya, ya ce, "Na Uwata ne, ranar da ta yi mota." Mu dai dariya muke masa.

Ai kuwa ta gama karatun jinya, ta fara aiki, ta sayi 'yar mota ta hannu. Da kansa ya cire tayoyin da motar ta zo da su ya ɗaura nasa, bakinsa har kunne.

Kwana tara tsakani, da tsakar rana, tayar baya ta fashe a babban titi. Motar ta juya ta daki kwalbati. Bel ɗin da ta ɗaura ya riƙe ta, amma hannunta ya karye wuri biyu.

Washegari na raka Yaya inda aka ajiye motar. Wani jami'in kiyaye haɗurra ya tsuguna ya kankare gefen tayar da farce.

"Baba, wa ya sa mata waɗannan?"

"Ni ne ubanta. Sabbi ne, ba su taɓa taka ƙasa ba."

Jami'in ya nuna masa lamba huɗu a jikin robar. "Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Wannan ta haura shekara goma sha biyu. Roba tana bushewa ko a ajiye take, balle a ƙarƙashin kwano mai zafi. Zanen na nan lafiya lau, amma cikinta ya mutu. Gudu ya ɗumama ta, sai ta rabu."

Yaya ya kalli lambar, ya kalle ni. Dubu nawa irinta suka wuce ta hannunsa, bai taɓa tambayar ta mece ce ba.

"Waɗanda na cire fa?" Yaya ya tambaye ni.

Suna shago. Muka koma na karanta masa: shekararsu biyu kacal.

Ya zauna a kan benci, ya sa na bi duk tayar da ke shagon ina karantawa, yana ware wasu gefe. Goma sha ɗaya ya tsaga da wuƙa.

Da yamma muka je asibiti. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga. Ta hango shi daga gado ta ce, "Baba, shigo mana."

Ya ce, "Uwata, duk mako sai na goge su."