Shukar da Ba Ta Son Ƙasa

Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, ta bar mini ayyuka da yawa da ban iya ba. Ban iya dama kunu ba, ban san inda ake ajiye allura ba. Amma babu abin da ya tona mini asiri kamar wata shuka da ta ɗaure a jikin mangwaron tsakar gidanmu a Ƙaura Namoda.

Mu mutanen Zurmi ne. Zaman ƙauye ne ya gagara, muka tattaro muka dawo Ƙaura, muka kama gida katanga ɗaya da wata ma'aikaciyar asibiti, Kirista 'yar kudancin Kaduna, wadda duk unguwa ke kira Sista. Ita ta zo da shukar daga garinsu, ta tsaga ta ba mai ɗakina rabi. Wai okid ake ce mata. Jikinta kamar guntayen rake ne a tsaye, da dogayen ganyaye a kai, saiwoyinta farare kuma duk a waje. Ba a binne ta. Mai ɗakina ta ɗora ta a gwafar mangwaron, ɓangaren da rana ba ta duka da yamma, ta sa mata ɗan soso a ƙarƙashi, ta ɗaure da ƙyallen tsohon zane. Da safe takan tsoma tsintsiya a ruwa ta yarfa mata. Aikin ke nan duka.

Ni kuwa manomi ne ɗan manomi. A wurinmu abin kunya ne a ga saiwar dawarka a waje. Ko wanda ba ku ga maciji ya ratsa gonarka ya gani, sai ya tura mata ƙasa da ƙafa kafin ya wuce. Nakan tsaya in dubi abin nan a liƙe da icce in ce, "Wanga kauci kika aje muna cikin gida? Sai ya kashe mangwaron."

Takan ce, "Malam, kauci shan icce shika yi. Wagga zama kawai taka yi bisa nai. Kai dai ka tsaya ga geronka."

Sau ɗaya ta yi fure a gabanmu, rawaya mai ɗige-ɗige kamar fatar damisa. Mai ɗakina ta kira matan unguwa suka zo kallo. Ni abin da na ce shi ne, "Ana miya da shi?" Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Ciwo bai daɗe da mai ɗakina ba, rai ya yi halinsa. Cikin damina ne. Da aka gama zaman makoki 'yan ta'aziyya suka watse, 'yarmu ta koma gidan mijinta a Shinkafi, Sista kuma ta tafi hutu garinsu. Na rage ni kaɗai da tsakar gida. Abinci maƙwabta ke aiko mini. A gidan babu sauran wani mai rai da ke jiran hannuna sai shukar nan, kuma na ƙudura a raina cewa ko me zan rasa, ita ba za ta bi mai ita ba.

Wata safiya na matsa kusa na dube ta da kyau, abin da ban taɓa yi ba. Sai na ga wasu sababbin saiwoyi sirara sun miƙe sama suna lilo cikin iska. Tausayi ya kama ni. Na ce a raina, baiwar Allah nan shekara da shekaru ana hora ta da yunwa, yau kam ta faɗo hannun wanda ya san aikin.

Na ɗauko wuƙa. Ba ta so rabuwa da iccen ba, don saiwoyin sun kama ɓawon gam, sai da na kankare su ɗaya bayan ɗaya har gumi ya keto mini. Mai hankali da nan ya gane, amma ni sai na ce taurin kai ne irin na wanda bai san gata ba. Na sami tsohuwar tukunya, na je bakin gulbi na ɗebo laka mai kyau, na cuɗa da takin awaki, na dasa ta, har huɗa na yi mata kamar doya. Na kai ta inda rana ke faɗi sosai. Ruwa safe da yamma, ba yarfi ba, buta guda cur. A majalisa na gaya wa abokaina cewa su saurari fure irin wanda ba a taɓa gani ba a Ƙaura.

Ganyen ya fara yin rawaya. Na ce taki ne bai isa ba, na ƙara mata na zamani. Ganyen ya fara zuba. Na ƙara ruwa. Sai tukunyar ta soma wani wari kamar hatsin da aka jiƙa aka manta.

A haka Sista ta dawo. Ta yi sallama, ta sake yi mini gaisuwa, sai idonta ya kai kan mangwaron, ta ga wurin fayau. Ta juya ta ga tukunyar. 

"Baba, wa ya yi wannan aiki?"

Na ce, "Ni ne. Gyara na yi."

"Gyara." Ta tsugunna ta tura yatsa cikin lakar ta shinshina. "Har da taki?"

"Iri biyu."

"Baba, da kifi ne Mama ta bar maka, da ka fito da shi daga ruwa ka shimfiɗa masa katifa."

Ta yi dariya, sai kuma ta share ido da bakin mayafinta. Ni ma na dubi wani wajen.

Muka zazzage tukunyar. Ta wanke lakar a hankali, ta nuna mini saiwoyin da na binne, duk sun yi baƙi sun yi laushi. Ta ce saiwar wannan shuka iska take sha, in ta jiƙa tana so ta bushe kafin ta sake jiƙa, waɗanda suka miƙe sama kuwa tarko ne na kama busasshen ganye da ke faɗowa, da shi take ci. Ashe abin da na ɗauka roƙo ne, kwanon cin abincinta ne. Ta yanke ruɓaɓɓun da reza, ta shafa toka a bakin yankan. Abin da ya saura bai cika tafin hannu biyu ba.

Na nufi mangwaron da ita, Sista ta tsayar da ni. Ta san 'yata na ta matsa mini in koma Shinkafi kusa da ita, ina ta noƙewa.

"Baba, in ka mayar da ita can, ranar tashi wuƙa za ka sake ɗaukowa. Nemo guntun icce mai kaushin ɓawo, wanda ba ya saurin ruɓewa."

Ina da wani guntun ƙirya da na ajiye. Muka ɗora ta a kai, muka sa sabon soso. Ta ce a kawo tsohon ƙyalle mai laushi, ban da waya, ban da roba, don kafin ƙyallen ya ruɓe saiwa ta kama da kanta. Na shiga ɗaki neman tsohon zane, sai na tuna an riga an raba kayan mai ɗakina. Na ɗan tsaya a ɗakin, sannan na yage gefen rigata ta gona na fito da shi.

"Kada ka matse, Baba, ba dami kake ɗaurewa ba."

Muka rataye iccen a inuwa, saman randa. Ta ce in yarfa ruwa da safe, sannan in ƙyale ta. Wannan ƙyalewar ta fi mini noman rani wuya. Nakan zo in tsaya hannuwana a baya, don na san halinsu. Wasu sassan suka ƙarasa bushewa. Har sanyi ya wuce babu wani motsi, ni kuma ban iya tambayar kowa ko ta mutu ba.

Bayan ruwan farko ne na ga wata 'yar saiwa fara mai koren baki ta fito daga gindi, ta kwanta a jikin ɓawon. Na taɓa ta da ɗan yatsa, na ji ta manne. Ranar na aika wa 'yata cewa ina tafe.

A tasha direba ya karɓi iccen zai cusa a but tare da buhuna, na ce a'a, a cinyata zai zauna. Wani dattijo Bafulatani da ke gefena ya dubi iccen, ya dube ni.

"Malam, Shinkafi an rasa makamashi ne?"

Motar duka ta ɗauki dariya. Na ce, "Na iyalina ne, Allah ya yi mata rasuwa."

Nan take aka shiga cewa Allah ya jiƙanta. Da muka hau hanya rana ta faɗo ta tagar ɓangarena, dattijon ya cire malfarsa ya riƙe ta saman shukar. Haka ya riƙe, yana sauya hannu, har muka shiga Shinkafi.