Safiyar da Hannun Majo Ya Yi Rawa

Salamu alaikum, ƴan uwa. Sama da shekara talatin ke nan ban ba kowa wannan labari ba.

Wata safiya na iske Majo, ma'aikacin jinyar ƙauyenmu a ƙasar Illela, zaune ƙasa bayan ɗakin magani. Tukunyar da yake dafa allurai tana bisa risho, ruwan ya ƙafe, tana ƙauri. Shi ko kallonta kawai yake.

Bari in koma baya kaɗan.

Tari ya kama ni bayan girbin gero, ina saurayi. Na rame, na fara kakin jini. A Konni aka gwada kakina, likita ya ce tarin fuka ne. "Allura sittin, kowace safiya. In ka tsallake, ciwon zai dawo da ƙarfi."

A gida Inna ta ware mini ƙwarya da moɗa tana kuka. Aka ba ni ɗaki bayan rumbu. Abokaina daga bayan darni suke gaishe ni, daga baya gaisuwar ma ta tsaya.

Majo kaɗai ke taɓa jikina.

Shi ɗaya ne ga ƙauyuka da yawa. Haihuwa shi, saran maciji shi, ƙyanda shi. Iyalinsa suna can gabas. Yau ya kira ka "ƙanena", gobe ya daka maka tsawa ya rufe ƙofa, jibi ya riƙe hannunka yana neman gafara. Mutane suka ce iskoki gare shi. Dattawa suka shirya zuwa Illela su kai ƙara a ɗauke shi. In ya tafi, sai a garƙame ɗakin magani, ni kuwa saura allura ashirin da tara.

To, safiyar nan da na gaishe shi, sai ya miƙo mini hannunsa, yana rawa.

"Ban iyawa yau, Sani. Jiya ɗiyar mutane ta mutu hannuna, ban ji komi ba. Shi ke ba ni tsoro."

Na zauna nesa, yadda na saba.

Ya ce, "Matso mana."

Wata guda ba wanda ya ce mini haka. Na matso. Na ɗebo ruwa na zuba a tukunya, ta sake tafasa. Da hantsi ya tashi ya yi mini allurata.

Daga nan na wuce wurin maigari, na tsaya bakin zaure. "Ranka ya daɗe, ba iskoki ba ne. Shekara uku mutumin ga bai huta ba." Ƙarar da dattawa za su kai sai ta koma roƙo. Aka turo wani ya riƙe wurin, Majo ya tafi hutu.

Na cika sittin, na bi da ƙwayoyi watanni. Gwajin ƙarshe ya fito lafiya. Alhamdulillahi. Allah ya saka wa Inna da Majo.

In tarinka ya wuce sati biyu, je a gwada. Kada ka yanke magani don ka ji sauƙi. In ka ga mai jinya ya canza hali, tambaye shi yaushe rabonsa da hutu. Yanzu masana sun ce wannan gajiyar ma ciwo ce.

Ba ni kaɗai na ga halin Majo a safiyar nan ba. Iya Hajo ungozoma tana tsaye jikin darni, ta mayar da duk wanda ya nufo, ta ce Majo na alwala. Har ta rasu ba ta faɗa wa kowa ba.