Faifan da Ya Maƙale a Motar Malam Rilwanu

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta Concourse Village, nan Amurka, ya san Malam Rilwanu, in bai san sunansa ba ya san tsohuwar motarsa ruwan toka. Mijin yayata Hasiya ne, don haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Dogo ne siriri, gemunsa ya yi fari, ba ya ɗaga murya ko da tafasasshen ruwa ka zuba masa a ƙafa. Sahun farko yake salla. In 'yan Kano da 'yan Maraɗi suka yi cacar baki kan wanda zai riƙe makullin ɗakin taro, shi ake kira ya raba. Shekararsa sittin da ɗaya, kuma ban taɓa ganin mutumin da kamala ta dama wa lissafi kamarsa ba.

Kafin ya zo Amurka ya yi shekara goma sha bakwai a wata masaƙa a Bompai ta Kano, yana kula da layi guda na injinan saƙa goma sha biyu. Ƙarar wurin ba ta barin ma'aikata su ji juna, da hannu da ido suke magana. Yaya Hasiya ta ce in ya dawo gida sai ta kira shi sau uku kafin ya waiwayo. Ran nan aka tara su a bakin ƙofa aka ce kamfani ya rufe, kowa ya kama gabansa. Ya yi shekara uku yana buga-buga, sannan bizar ƙuri'a ta fito masa, ya kwaso iyali suka zo. Ni daga baya na biyo su.

Ku ji aikin da Allah ya haɗa shi da shi a nan: gadin ɗakin karatu na wata jami'a a Manhattan. Daga azahar zuwa magariba yana zaune a inda ko tari ka yi sai mutum ashirin sun ɗago kai. Shirun nan ya ramar da shi. Yaya ta yi ta dura masa kunun gyaɗa, a banza.

A 2010 ya sayi motar nan a wata unguwa ta birnin nan da ake kira Jamaica, a hannun wani saurayi Bature mai zobe a hanci. Akwai faifan sidi maƙale a cikin rediyonta, ya ƙi fitowa. A hanyar gida Malam ya danna maɓalli don ya ji ko labarai za su zo. Abin da ya fito ba labarai ba ne. Ganga ce ake bugawa da ƙafa biyu ba numfashi, jita na gurnani, ƙarafa na karo da juna, a saman duka kuma wani bawan Allah yana kwarara ihu kamar an danne masa yatsa da ƙofa. Yaya ta saki salati, 'yarsu Khairunnisa ta toshe kunne. Malam ya kashe, ya ce a'uzubillahi, ya tofar da yawu ta taga. Amma Yaya ta rantse mini ta ga ƙafarsa ta hagu tana motsi har suka iso.

Layinmu Litinin da Alhamis ake share shi da safe. Dole mai mota ya janye ta zuwa ɗaya gefen, ya zauna a ciki awa ɗaya da rabi yana jiran motar shara ta wuce. Kowa yana tsine wa ranakun nan, Malam kaɗai ke ɗokin su. Tun takwas zai sauko da shayinsa, ya ɗaga gilasai, ya rufe ido. Ni a hawa na uku nake, tagata na kallon titi. Sai in ga mota tana rawa a tsaye, mutum a ciki yana ɗaga hannu yana murza yatsu kamar mai ƙulla zare. Wata Alhamis na sauka a hankali na ƙwanƙwasa masa gilashi. Ya zabura har shayi ya zube masa a riga.

“Malam, ashe gidan rawa ka buɗe ba ka gayyace mu ba?”

“Hawawu, shigo ki rufe ƙofa, don girman Allah.”

Na shiga. Ya daɗe yana goge riga kafin ya ce, “Ke ihu kike ji. Ni layina nake ji. Gangar nan injina ne goma sha biyu sun ɗau gudu. Mai ihun kuwa Kwabena ne, foman ɗinmu ɗan Ghana, haka yake yi in zare ya tsinke.” Bai san kalma ɗaya daga abin da ake rerawa ba, kuma bai nemi sani ba. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa, wai dattijo kamarsa in aka ji yana sauraren wannan ina zai sa fuskarsa. Na yi masa alkawari. Na kuma ci moriyar alkawarin yadda ya kamata, don shekara tara ban ƙara ɗauko buhun shinkafa a jirgin ƙasa ba, shi ke kawo mini a mota.

Khairunnisa ce ta gano asalin faifan da wayarta bayan ta girma. Ta ce wasu 'yan Kanada ne suka yi shi tun shekarun casa'in, kuma masu rubutu kan irin wannan kiɗa suna sa shi a sahun gaba. “Abba, industrial metal ne fa, extreme one. It's a classic.” Malam ya ce Allah ya shirye su, amma mai gangar nan ko shakka babu ya taɓa aiki da inji. Ta ce za ta sa masa a waya ya huta da akwalar motar. Ya ce waya ba ta girgiza kujera. Haka motar ta tsufa a hannunsa, ƙofa ɗaya ba ta buɗuwa ta waje, ya ƙi rabuwa da ita.

Bara Khairunnisa ta kawo wanda take so. Shekararta ashirin da bakwai, tana aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti. Sunansa Haisam, yana aiki a filin jirgi, yaro mai kunya, shekara uku suna tare. Danginsa Katsinawa ne mazauna unguwar Jamaica, masu bin al'ada sau da ƙafa, ba sa sa rana sai sun yi bincike. Kawunsa Alhaji Muniru aka ɗora wa aikin. Ya je wurin liman, ya je wurin masu shaguna, kowa ya yabi Malam. Sai wani ya ɗan tsegunta masa cewa akwai abin da ke faruwa a motar nan ranakun shara, ana jin ihu, mutumin yana ta juya hannu ido a rufe.

Matar Alhaji ta zo har ɗakina da turare da goro. Muka sha hira, can ta sassauta murya. “Hajiya Hawawu, tsakaninki da Allah, me ke samun Malam a mota?”

A nan na yi ta'asar. Da na ce kiɗa yake ji, da shi kenan. Amma na yi alkawari, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya kama ni ganin babbar mace tana jiran abin da zai fito daga bakina. Na kalli ƙofa, na kalli taga, na yi ajiyar zuciya, na ce, “Hajiya, wannan magana na yi rantsuwa ba zan faɗa ba. Ku dai sa shi a addu'a.” Ta tashi ta fita, ko goron ba ta tsaya mun raba ba.

Kwana biyu saƙo ya zo cewa a dakata da maganar sa rana. Sun yanke hukunci iskoki ne, kuma suna tsoron abin ya bi jini. Khairunnisa ta hau ɗakina idonta ya kumbura. “Anti, why? Me ya sa ba ki ce music ba ne kawai?” Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, don yarinyar nan a bayana ta girma.

Yaya Hasiya ta ce, “Malam, ko ka faɗa ko in faɗa.” Ya yini bai ci abinci ba, sannan ya ɗauki waya ya kira Alhaji Muniru ya gaya masa gaskiya. Alhaji ya saurara tsaf, ya ce, “Haba Malam. Dattijo kamarka? Larura ba abin kunya ba ce, ba sai an ƙirƙiro wannan ba.” Wato a wurinsa iskokin sun fi kama da gaskiya. Malam ya ce to ya zo ranar Alhamis da ƙarfe takwas da rabi ya gane wa kunnensa.

Ya zo cikin babbar riga, da kwalbar ruwan tofi tana leƙowa daga aljihu. Ban san wanda ya baza labari ba, amma tagogin layin nan duk kawuna ne. Malam ya sauko fuskarsa kamar wanda za a kai kotu. Ya zaunar da Alhaji a gaba, ni aka tura ni baya a matsayin shaida, tunda ni na haddasa. Ya ɗaga gilasai, ya yi bisimilla, ya danna.

Alhaji ya yi tsalle, kansa ya bugi rufin mota, hularsa ta faɗo kan cinyata. Ya damƙi kwalbar da hannu biyu yana karanto duk abin da ya zo bakinsa. Malam bai kalle shi ba. Da farko ya zauna a sandare. Da gangar ta kankama sai hannunsa ya tashi da kansa, ya fara nuni yana ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ba.

“Ka ji nan? Inji na huɗu ke nan, na Kassim! Kullum zarensa sai ya tsinke! Ya koma acaɓa, tirela ta take shi a Kurna!” Ya nuna wani gefen. “Wannan na Boubacar ne, ya koma Damagaram, har yau ban ji ɗuriyarsa ba! Nan kuma sauyin aiki ne, mu ɗari huɗu muke fitowa lokaci guda, auduga a gashinmu, masu ƙosai suna jiran mu a bakin ƙofa!” Haka ya yi ta kiran sunaye, hawaye na bin gemunsa, ko gogewa bai yi ba. Shekara tara ina yi wa abin nan dariya, ban taɓa tambayar sa sunan mutum ɗaya ba. Na sunkuyar da kai ina murza hular Alhaji.

Alhaji ya daina karatu. Ya ajiye kwalbar a ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Bai ce a rage ba, bai ce a kashe ba, ya zauna har faifan ya kai ƙarshe, wajen minti arba'in. Motar shara ta zo ta wuce ba wanda ya kula.

Da aka yi shiru ya miƙo hannu na ba shi hularsa. Ya fita ya tsaya a gefen titi. Sakamakon bincike abu ne da ake faɗa a ɗaki, cikin raɗa, amma kunnuwan Alhaji sun toshe, bai san ƙarfin muryarsa ba. Ya sunkuyo ta taga yana tsammanin mu biyu kaɗai yake gaya wa, har mutanen hawa na shida suka ji.

“Wannan kiɗa dai Allah ya kiyaye mu da shi! Amma lafiyarka ƙalau, Malam! Kewa ce ke cin ka, wannan kuwa ko a danginmu akwai ta! Ku faɗi ranar da kuke so!”