Wayoyin da Na Manna wa Inna

Kwana uku ƙirjin Inna yana mata zafi, muka hau mota daga Kiyawa zuwa wani ƙaramin asibiti a Dutse. Aka ce sai an yi gwajin zuciya, irin wanda ake manna wa mutum wayoyi, kwamfuta ta karanta bugun ta rubuto abin da ta gani.

Mai na'urar wani saurayi ne da ƙaton agogo. Inna ta dube shi sau ɗaya, ta ja mayafinta.

"Wannan ɗan cikin nawa ne zai buɗe min ƙirji? Tashi mu tafi."

Maimakon ya nemo ma'aikaciya mace, sai ya miƙo min wayoyin ya koma bayan labule.

"Shida a ƙirji, 'yan mata, sauran a hannu da ƙafa. Ai kin yi makaranta."

Sakandare na yi, ba a koya mana wannan ba. Na jera su duk inda Inna ta nuna ta ce nan ke ciwo. Na'ura ta turo takarda mai zane kamar haƙoran zarto. Ko kallon zanen bai yi ba. Turancin da kwamfuta ta buga a sama ya karanta, ya girgiza kai kamar wani babba, ya ce zuciyar ta taɓu. Likita kuma sai Litinin.

Inna ba ta jira Litinin ba. Awakinta bakwai, su ne duk abin da ta mallaka, ta fara rabo. Uku ga Goggo, ƙanwar Baba, ɗaya ga malamin unguwa, biyu ga maƙwabta. Na ce ta dakata.

"Kwamfuta ce ta faɗa. Ke kin fi ta sani ne?"

Ranar Litinin likitar, wata dattijuwa, ta dubi takardar ta ce wa ya manna wayoyin. Na ce ni. Ta sa aka kira mai agogo, ya tsaya yana sosa ƙeya, wai Inna ce ta ƙi yarda ya taɓa ta. Da kanta ta ƙirga haƙarƙarin Inna da yatsa, ta manna kowace waya a gurbinta. Zuciya lafiya ƙalau. Olsa ce, a rage yaji.

A mota na ce mu biya gidan Goggo mu karɓo awakin.

"In ba da kyauta don zan mutu, da na ga ban mutu ba in koma karɓa? Ba da ni ba."

Akuya ɗaya ta rage mana, gurguwa, wadda Inna ta ji nauyin ba wa kowa.